Gaisuwar Tsaye

…kuma wai ni ce zan yanke. Ni! Kina ji na, Akwele? Ina za ki ji, kina can Jamus kina shan sanyi. To bari dai in faɗa. Yaya Imurana ne ya fita yanzun nan. Ya tsaya a kaina ina wanki, carbi a hannu, yana kallon bokiti kamar da shi yake magana. "Yarinyar nan," in ji shi. Ba zai ce Zelia ba, 'yarsa ta fari ce, sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba tun ranar suna. "Kocinku ya zo shago. Wai suna son yarinyar nan a ƙwallon raga na ƙasa, gobe motar sansanin atisaye na Winneba za ta tashi. Ni ba ni da baki a kan ta fari, ke ce gwaggonta." Ya juya. Sai ya waiwayo, dama na san da saura. "Amma ku da kuka yi ta yawo a jirgi, me kuka taɓa kawowa?"

Me muka kawo!

Ji mutum. Mai sayar da batir da tocila a bakin titin unguwarmu Nima, wanda iyakar tafiyarsa shataletalen Circle, shi ne yau yake tambayata… Kai, Zuera, yayanki ne fa. Yayana ne, na sani, shi ya sa na haɗiye. Amma da ya ɗan tsaya da ya ji.

An ci mu, ban musa ba. Mun je Legas an ci mu. Mun je can arewacin Afirka, 'yan matan nan dogaye kamar falwaya, hannuwansu sun rufe raga tun kafin ki yi tsalle — an ci mu, muka koma masauki kina kuka da yarenku na Ga ina kuka da Hausa. Kofi? A zamaninmu dai ba mu ɗauko ba. Tagulla, sau ɗaya. To amma wa ya sallame mu da takalman kirki? Ƙwallon da muke atisaye da shi ma da faci a jikinsa. Kenke, tuwon masarar nan, da soyayyen kifi muka ci muka hau jirgi, muka je muka tsaya gaban waɗanda ake auna musu abinci a sikeli, kuma sai da suka yi gumi kafin su ci mu. Wallahi sun yi gumi. Kocinsu har hula ya jefar.

Ruwan nan ya yi baƙi, ya kamata in sake… bari.

Taken ƙasa fa? Shi wa zai gaya wa Yaya? A jera ku, a saki taken, tauraron tuta a ƙirjinki, gwiwar hannuna na gogar taki. Sai lasifika ta ce "Zuera Kadiri", ta karkace sunan ta murɗe shi, amma nawa ne. 'Yar Nima. Wadda ta koyi wasa da igiyar shanya a bayan makarantar Maamobi, tiren talla a gefe. Da an ce Nima sai a ce gota, kwatar ƙazantar nan, sai a ce ɓarayi. Ran nan an ambaci Nima a rediyo ba don an kama kowa ba. Mma ta ce masu koko sun bar tukwane a kan wuta sun kewaye rediyon Falalu tela, har kokon wata ya kama.

Ni mai ɗagawa, ke mai duka. Jarida hotonki take bugawa, kina sama, baki buɗe, ni sai dai a ga ɗan yatsana a gefe. Ban taɓa jin haushi ba — to, sau ɗaya ko biyu. Amma ke kin san daga hannun wa yake fitowa. Ba na ma kallonki, numfashinki nake ji a bayana in aika. Zelia ma haka take, Akwele. Na je na leƙa ta a fili ba ta sani ba. Yatsun nan nawa ne, sak. Tsalle kuwa… kar ki gaya wa kowa, ta fi ni. To me zan tsaya tunani? Duk gidan nan sun san amsata. Shi kansa Yaya ya sani, shi ya sa ya jefo mini, in abin ya ɓaci a ce ai gwaggo ce ta ce.

Ga Hajiya Mulikatu nan, uwar mai gidan hayarmu, ta fito da buta. Miƙe, Zuera. "Hajiya, barka da la'asar." Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta amsa ta hanci, ta wuce. Ga tsakin. Kullum sai na ji shi. Ta hau jirgi ta fi ƙarfin tsugunawa, haka ake faɗa daga nan har Sabon Zongo. Zuera mai gaisuwar tsaye. Yaran unguwa ma da shi suke kwatancen gidanmu.

Ke kaɗai kika ji ƙarar.

Wasan tagullar nan, zagayen ƙarshe, ƙwallo ya kauce yana neman barin fili, na bi shi, na sauka da gwiwar dama a kan daɓen nan mai tauri — ƙas! kamar an karya rake. Kika waigo. Na ce miki da ido, rufe bakinki. Na tashi, na ɗaga miki shi a kan ƙafa ɗaya, kika sauke shi tsakiyarsu, alƙali ya busa… Allahu akbar! Ko yanzu tsigar jikina tashi take. Likita ya ja ni gefe ya ce ƙafar za ta yi tafiya, za ta hau mota, amma naɗewa ta gama. Bai yi ƙarya ba.

Sai dawowa. Matan Nima sun ɗinka yayi, kaya iri ɗaya kore shar, sun cika motocin trotro, ganguna tun daga filin jirgi. Aka wuce da ni zauren Malam a sa albarka. Dattawa jere a kan buzaye. Mma ta zube, Yaya ya zube, kowa ya zube. Ni ina tsaye da tagulla a wuya. Mma na jan zanina, ke, tsuguna mana! Da na buɗe baki na ce ƙafar ce… da shi ke nan. Dama jira suke. Tun ranar da na fara sa wandon wasa suke cewa abin nan zai nakasa ta, 'ya mace da tsalle-tsalle. Su samu shaida a hannu? Da babu 'yar Zongo da za ta ƙara taɓa raga. Sai na sunkuyar da kai kawai na ce, Malam, barka da rana. A tsaye. Wani tsoho har goro ya faɗo daga bakinsa.

Ni na zaɓa. Gara a ce girman kai. Sulemana ya janye maganar aure, uwarsa ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da sandar tuta ba. Ya tafi, ban bi shi ba. Salla a ɗaki, ƙofa a rufe, a kan kujera, a ce ai ta raina jam'in mata. Bayan gidan haya kuwa, wannan tsakanina da Allah ne. Mma ta rasu tana ganin ta haifi marar tarbiyya — wannan kam… a'a. Wannan bar shi, ba yau ba.

Amma je ka filin Maamobi da yamma, Yaya. Je ka ka ga 'yan mata masu ɗankwali a bakin raga, 'ya'yan mahauta, 'ya'yan malamai, har da jikar shi tsohon mai goron. Iyayensu na cewa ai Zuera ta je ta dawo garau, rashin kunya kawai ta kwaso, namu kuma za mu ja musu kunne. Wannan na kawo, in kana son sani. Kuma ina alfahari da shi, wallahi ina alfahari, ko za a yi ta tsaki har in mutu.

Ga Zelia nan.

Ta tsallake gota ko dubawa ba ta yi ba, jakar makaranta na lilo. Ta riga ta ji, ga shi nan a fuskarta, tana cije leɓe kar dariya ta kuɓuce. Ta cire takalmi. Ta zo gabana ta tsuguna — sulɓ, gwiwa biyu har ƙirji, ko ɗan ƙara babu. "Gwaggo, ina wuni." Ba za ta tashi ba sai na amsa. Ni na koya mata haka, ni da ba na yi.

Dubi gwiwoyin nan, Akwele. Dubi.

Na ɓoye wa dattawa ciwon nan… ashe har da ita? Duk labarin da na ba ta tana tsefe mini kai, jirgi, taken ƙasa, tagulla, kocin da ya jefar da hula, ban da wannan. So take ta zama ni, kuma rabina ta sani. In na ce je ki, na tura ta ido rufe. In na ɗaga zanin nan ta ga gwiwar — Hajiya na can bakin famfo tana alwala, kunnenta nan, kafin magariba Nima ta ji, kafin jibi an kwashe 'yan matan daga fili. In ja ta ɗaki? Ta fito da wace fuska? Zelia ko gishiri ta zubar sai gida ya gane. Kuma in ta gani ta ce ta fasa? Yatsun nan su ƙare a tsintar shinkafa, saboda ni? In kuma ta gani ta ce duk da haka za ta… wanne ma na fi tsoro?

"Gwaggo?"

Hannuna duk kumfa, ya kama bakin zani, ya tsaya. Tana nan a tsugune tana kallona. Ba ta gaji ba. Za ta iya kaiwa magariba a haka… ni ma da can ina iyawa.