Ƙarar da Alƙali Maccido Ya Kai

A shekarun yaƙin Jamus, takardu biyu suka iso gidan Alƙali Maccido na Illela, duka na autansa Maharazu, wanda ya gama makarantar Midil a Sakkwato. Ɗaya ta makarantar shari'a ce a Kano. Ɗayar ta sojan sama ce, Turawa na neman samarin da za su koya wa tuƙin jirgi, amma sai uba ya buga hatiminsa. Yaro kuwa ya ce shi jirgi.

Tabɗi! Maccido ya yi faɗa har rawani ya karkace. 'Ya'yansa maza duk fatauci ya kwashe su zuwa Ƙwanni, wannan kaɗai ya rage masa mai karatu.

Da yake alƙali ba ya yanke shari'ar gidansa, ran Litinin sai ya sauka daga buzu, ya ɗora muhutinsa Yari, mai taimaka masa a shari'a, ya zauna ƙasa inda masu ƙara ke zama. Zaure ya cika maƙil. Maccido ya jero haƙƙin uba a kan ɗa, aya bayan aya, har Yari ya fara gumi.

"Kai kuma mi ka ce?" in ji Yari.

Maharazu bai ɗaga kai ba. "Allah gafarta malam, duk abin da Baba ya faɗi gaskiya ne. Tambaya ɗaya gare ni. Bara wani masunci na Kalmalo ya kawo ɗansa nan, don ya ƙi sana'ar su ya kama ƙira. Mi aka yanke?"

Kowa ya san an yanke cewa baligi mai hankali ba a tilasta masa sana'a, kowa kuma ya san bakin da ya yanke. Yari ya rasa inda zai sa idonsa.

Maccido ya dubi yaron. Ko murya bai ɗaga ba, ja'iri, ya ɗaure ubansa tamau! Daɗi ya cika shi, baƙin ciki kuma ya biyo baya, don yau ya ga irin alƙalin da zai rasa.

"Yanke mana, Yari, mi kake jira? Yaro ya yi gaskiya."

Ya laluba aljihu ya fiddo hatimi, ya buga a takardar sojan sama. Sannan ya juya ga jama'a, ido jawur.

"Kun dai gani ko? Ni na koya masa."