Gwangwanin Shahida

Tun kafin azahar gwangwanin Shahida ya kusa cika da ƙwallon dabino, na sauran mawaƙa kuwa ko gindinsu bai rufe ba.

Haka Ukasha mai turi yake aikinsa a kasuwar Babura. Gwangwanayen madara ne jere a gefen kwamfutarsa, kowanne da sunan mawaƙi. Duk wanda ya miƙo waya aka tura masa waƙa, sai a jefa ƙwallo ɗaya a gwangwanin mai ita. Duk mako gidan rediyo kan bugo wa masu turi na Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, a ji waƙar da ta fi fita. An kuwa san Ukasha, ba ya ƙari, ba ya ragi.

To, sai ga jarrabawa ta biyo shi har rumfa. Shahida ai budurwarsa ce, shekara uku cur. A kwamfutar nan ya fara naɗar muryarta, tana rerawa tana rufe fuska. Har manya sun shiga magana, sai mahaifiyarsa, Inna Mairo, ta kafe cewa ba za a kawo mata suruka mai hawa dandamali ba. Ukasha ya hau babur ya je Kazaure, ya ce da Shahida ta zaɓa, ko shi ko waƙa. Ta dube shi ta ce, "Allah ya kiyaye hanya." Bayan wata takwas ta saki waƙar "Na Bar Maka Hanya".

Kai, yarinyar ta iya! Ba zagi, ba habaici, ko sunansa ba ta kama ba, irin kunyar gidansu. Sai dai idan ta zo wurin da take cewa, "Ban yi maka baki ba, Allah ya haɗa ka da mai shiru," ko direban bas sai ya rage wuta. 'Yan acaba suna yi, masu tallar nono suna yi, fatake daga Nijar suna zuwa nemanta da sunan "wadda aka bari". Kuma duk Babura an san wanda ake nufi. Abin yana ci wa Ukasha rai, yana kuma burge shi, ya rasa wanne ya fi.

Mako uku tana ta biyu, bayan wani mawaƙi Jalaluddeen. Yau rediyo ta ce Kazaure da Gwiwa nata ne, Roni nasa. Idan Babura ta bi shi, an yi kunnen doki, ya ci gaba da zama a sama.

Daudu mai shayi, maƙwabcinsa, ya leƙo. "Ango, wa ya ƙirga da kai? Juye rabi a na Jalaluddeen mana. Idan ta hau sama, wallahi sai ka bar garin nan."

Ukasha ya ɗauki gwangwanin, ya ji nauyinsa. Bai juye ba, bai kuma ajiye ba.

Yana nan riƙe da shi aka yi sallama. Inna Mairo ce, da mayafinta, ita da rabonta da rumfar nan tun ranar da aka buɗe ta. Ya yi maza ya durƙusa.

"Inna, lafiya? Ai da kin aiko."

"Ba abin aike ba ne." Ta kwance ƙaramar wayarta daga bakin zani, tana kallon gefe. "Sa min ta yarinyar nan."

"Wacce, Inna?"

"Kai ma ka sani. A gidan suna na ji ta. Na kasa kunne ko za ta ci mini mutunci, har ta ƙare ban ji ba." Ta miƙa masa wayar. "Ashe 'yar mutunci ce."

Ya tura mata. Ta ɗaure wayar, ta tafi. Ya ɗauki ƙwallo ya jefa. Gwangwanin ya riga ya cika, ƙwallon ya gangaro ƙasa. Ya sunkuya ya tsince shi, ya ɗora a hankali.

Da la'asar waya ta yi ƙara.

"Malam Ukasha, kana kan iska, jama'a na sauraro. Wa ya ci Babura?"

Fiye da wata takwas bai furta sunan ba. Ya gyara murya.

"Shahida ce," ya ce. "Da nisa ma."

Rediyon Daudu ya saki waƙar, kasuwa ta ɗauka. Ukasha ya zazzage gwangwanayen domin sabon mako, ya goge nata da bakin rigarsa, ya mayar da shi gaba.