Amanar Kifayen Yaya

Da Yaya zai yi tafiyar wata biyu, bai bar wa ƙanwarsa amanar mota ko gida ba. Kifaye ya bar mata, guda tara, a tankin gilashin da ya cinye rabin bangon falonta. Siklid ake ce musu, ga kyan launi ga neman faɗa. Akwai wani shuɗi mai taurin kai da ya mallake duwatsun ɓangaren dama, akwai kuma wata rawaya da Yaya ke kira Gimbiya, wadda ya yi renonta tun ba ta kai farce ba.

"Ruwan famfo kawai," in ji Yaya. "Ki tara ya kwana, ki canza kashi ɗaya cikin huɗu duk sati. Kada ki sa musu baƙon kifi, kada ki taɓa farar tsakuwar nan."

Ita kuwa a ɗakin gwajin jini take aiki, shi ya sa maigidanta ke kiranta Likita. Mace ce da ko cokali ta wanke sai ta ɗaga shi ta duba a haske. A ce ta zuba wa abu mai rai ruwan famfo? Ta leƙa farin da ruwan ke bari a gindin buta, ta ce ba da ita ba. Ta shiga jigilar tataccen ruwa, irin na wurin aikinsu, wanda babu komai a cikinsa. Tsakuwar ma ta kwashe, don ta ga tana yin gari.

Cikin sati biyu kifayen suka koɗe, suna ta goga jiki a duwatsu. Shuɗi ya daina korar kowa.

"Likita, marasa lafiyarki sun yi laushi fa," in ji maigidan.

Hankalinta ya tashi. Ta ɗebi ruwan a kwalbar gwaji, sai shagon kifi. Mai shagon, wata dattijuwa, ta ɗiga magani a ciki ta girgiza, ruwan ya koma rawaya.

"Launin shuɗi ya kamata ya nuna. 'Yar nan, me kike ba su?"

"Tataccen ruwa, Mama. Babu datti ko kaɗan."

Dattijuwar ta yi dariya har da riƙe kanta. "Ai waɗannan 'yan tafki mai duwatsu ne, ruwa mai nauyi suke so. Farin da kike ƙyama a gindin buta, shi ne lafiyarsu. Naki ya yi tsami. Ki mayar da tsakuwar, ita ke kashe tsamin. Ki koma ruwan famfo, amma da kaɗan-kaɗan. In kika juye musu rana ɗaya, gawa za ki kwasa."

Haka Likita ta sayi maganin gwajin, ta dawo gida a sanyaye. Maigidan ya karɓi aikin cika bokiti, yana yi yana waƙa, ita tana harararsa. A hankali kwalbar ta tashi daga rawaya zuwa kore, daga kore zuwa shuɗi. Ranar da Shuɗi ya fatattaki kowa daga duwatsunsa, sai da ta yi guɗa a tsakiyar falo.

Murnar ba ta daɗe ba, Gimbiya ta daina cin abinci. Maƙogwaronta ya kumbura, ta laɓe a bayan dutse, bakinta gam. Likita tana auna ruwa sau uku a rana, kullum shuɗi. Kunya ta hana ta komawa shagon. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci: tsabtarta ce ta ci 'yar Yaya. Sati uku tana kallon Gimbiya tana ramewa, ita ma tana ramewa.

Ranar da Yaya ya dawo, ko ruwan sha ba ta bari ya kurɓa ba. Ta zayyana masa komai. Ya durƙusa ya daɗe yana leƙen bayan dutsen.

"Kawo min roba da ragar kamu."

Ya ɗebi ruwan tankin a robar, ya sa Gimbiya a ciki a hankali. Ta zagaya sau biyu, ta buɗe baki. Wasu ƙananan abubuwa masu manyan idanu suka tarwatso, suna wutsil-wutsil.

"'Ya'ya ne," in ji Yaya. "A baki suke renonsu, shi ya sa ba ta ci. Kuma ba sa haihuwa sai ruwa ya yi musu daidai." Ya ɗago ya dube ta. "Shekara biyu tana hannuna, ba ta taɓa yi ba."

Maigidan ya sunkuya yana ƙirga da yatsa, ya kai sha ɗaya ya rikice ya sake. Likita ta zauna dirshan a ƙasa, kwalbar gwajin na hannunta, tana dariya hawaye na zuba.