Ƙirjin Mai Aski

Shekarun da na yi ina aiki a motar asibiti sun bar mini ciwon gwiwa da sanƙo. Saboda haka ranar da aka kira mu wani shagon aski, rabona da irin wurin tun ina da abin askewa.

Mai askin ne ya yanke jiki ya faɗi yana tsakiyar aiki. Muka same shi kwance tsakanin kujera da madubi, matarsa ta fito daga gidansu na bayan shagon tana ta jijjiga shi. Ba numfashi, ba bugu a jijiyar wuya.

Abokiyar aikina, wadda muke kira Ƙarama, ta durƙusa ta hau danna masa ƙirji. Ni kuma na tsaga rigarsa da almakashi, na buɗe na'urar farfaɗo da zuciya. Sai na ga ikon Allah. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana rage wa jama'a gashi, nasa ƙirjin cunkus yake. Na manna faci biyun na'urar, suka zauna a kan gashi ba su taɓa fata ba. Na'ura ta ƙi karanta komai.

"Kawu, reza!" in ji Ƙarama tana haki.

Na ɗauko rezar jakarmu, a jan farko ta toshe da gashi. Ina durƙushe ina hararar ta kamar sakarai, kafin na tuna inda nake.

"Miƙo injin askin can," na ce wa wani da aka bari da rabin aski, ƙyalle ɗaure a wuya.

"Mai lamba nawa?"

"Mai ci, bawan Allah!"

Na share wuri biyu, aski mafi muni da aka taɓa yi a shagon. Na manna sababbin faci, suka kama. Na'ura ta ce a ba shi lantarki.

"Kowa ya janye hannu!"

Matar ta ƙanƙame ƙafarsa.

"Yaya, saki, in ba so kike mu kwashi mutum biyu ba."

Ta saki. Na danna maɓallin na'urar, jikinsa ya zabura, Ƙarama ta ci gaba da aikinta. Can na ɗora yatsu a wuyansa, na ji bugu a hankali, kamar baƙo mai kunya yana ƙwanƙwasa ƙofa.

A mota matar ta ce, "Malam, zai tashi?"

"Zuciyar dai ta koma bakin aiki. Saura shi."

Ta zuba wa robar iskar da ke fuskarsa ido. Tururin numfashinsa yana rufe ta, yana washewa, yana sake rufewa.