Yashin Iya Yejide

Ranar da Kemi ta zubar da yashin Iya Yejide a lambatu, wallahi saura kaɗan in manta cewa baƙuwa ce in zazzage mata duk abin da ke bakina. Ni Hamida an san ni a unguwarmu, ban iya haɗiye magana ba. Amma bari in fara gaya muku ko wace ce Iya, don ku san abin da zai sa mace da hankalinta ta tayar da jijiyar wuya a kan yashi.

Iya Yejide Bayarbiya ce, katangarmu ɗaya da ita a Birnin Kebbi. Tana amarya ta zo garin nan tare da mijinta Alhaji Ayinde mai sayar da kayan babur, tun ban san kaina ba. Hausarta ta Kabi ce tsantsa. In ka jiyo ta ta bayan katanga tana ciniki da mai gawayi, sai ka rantse a nan aka yanke mata cibiya. Alhaji ya rasu, aka binne shi a nan, ita kuma ta ci gaba da abin da aka san ta da shi, wato biskit. Ba na sayarwa ba ne. Sallah ƙarama da babba, suna, walimar sauka, dawowar alhazai, sai ka ga langar Iya ta shigo gida da biskit a jere, kowanne da zanen cokali mai yatsu a bayansa. Mu kuma ba ma maida langar wofi. Ko tuwo, ko nama, ko fura, sai an sa wani abu a ciki.

Ba ta taɓa mallakar abin gashi na lantarki ba. Wata babbar tukunyar ƙarfe gare ta, da yashi a gindinta, wanda marigayi ya ɗebo mata a bakin gulbi a Argungu shekarar da suka zo. Sai ta ɗora tukunyar a kan gawayi, yashin ya ɗauki zafi, ta aza faranti a kai, ta rufe, ta zuba garwashi a kan marfin. Shekara da shekaru bota na ɗiga a ciki, da sukari, da gyaɗar ƙamshi, har yashin ya koma baƙi wuluk, yana ƙamshi ko babu wuta. Takan ce sabon yashi tartsatsi yake yi, ya ƙona gindin biskit ya bar cikinsa ɗanye, ga ƙarnin gulbi, sai an gauraya shi da tsoho yake natsuwa. Ko gaskiya ne ko faɗar tsofaffi, oho, ni dai ban taɓa gwada saɓa mata ba.

Duk yarinyar da za a aurar a layinmu, sai Iya ta zaunar da ita ta koya mata kwaɓi. Ranar kai amarya kuma ta ciko gwangwanin madara da wannan yashin, ta ɗaure bakinsa da tsumma, ta sa a cikin kayan gara, sannan ta cike gurbin da sabo a tukunyarta. Dangin ango su kwance su ga yashi, su yi ta ƙyaƙyata dariya. Nawa ma an yi masa. Ƙanwar mijina har tambaya ta yi wai ko gini za mu fara.

To, bayan ƙaramar Sallah ta bana ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Iya. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, magana sai da ƙyar, ɗaya-ɗaya. Ni nake shiga safe da yamma in yi mata wanka in ba ta abinci. Ɗanta guda ne a duniya, Dayo, yana aiki a Ibadan. Ana gab da babbar Sallah ya iso da matarsa Kemi, da mota, da shawarar da ya riga ya yanke: washegarin Sallah za su tafi da ita gaba ɗaya.

Na ce masa, "Dayo, ka tambaye ta ko tana so?"

Ya ce, "Anti Hamida, Allah shi saka miki da alheri. Amma ke kaɗai ta, ga miji, ga ɗiya, ga aikinki. Ran da kinka kwanta ciwo fa? Wa gare ta garin ga? Ba ta da kowa."

Maganar ta yi mini zafi, kuma zafinta shi ne akwai gaskiya a ciki. Iya tana kwance tana jin mu. Ta ɗaga hannun hagu ta nuna wajen da maƙabarta take, ta ce, "Babanka nan. Ni ba ni zuwa." Kowa ya san burinta, a kwantar da ita a ƙasar da aka kwantar da mijinta. Dayo ya juya baya ya ci gaba da ɗaure kaya, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Ita Kemi yarinya ce mai ladabi, ga tsafta kamar me, sai dai ba ta jin Hausa sosai, kuma a Ibadan aka yi bikinsu, ba ta taɓa ganin Iya tana gashi ba. Tana cikin haɗa kayan ɗakin girki ta buɗe tukunyar, ta ga baƙar ƙasa mai maiƙo. Me za ta zata in ba datti ba? Ta kai ta juye a lambatun bayan gida, ta dirje tukunyar tas har tana ƙyalli. Da azahar hadari ya haɗo aka sheƙa ruwa, ya tafi da komai. Da aka ɗauke ruwan ta ɗauko tukunyar ta kawo wa surukarta da murmushi, tana jiran a sa mata albarka.

Ta katanga na jiyo kukan. Na shigo da gudu ko mayafi ban ɗauka ba. Matar da ko ranar da jikinta ya shanye ba ta zubar da hawaye ba, ga ta tana kuka kamar ranar da aka fita da Alhaji. Kemi ta durƙushe, ba ta ma san laifinta ba sai da Dayo ya yi mata bayani da Yarbanci. Na buɗe baki, na dubi yarinyar, na rufe. Da Iya ta gaji ta share fuska da hannun hagu, ta dubi ɗanta ta ce, "To. Mu tafi." Sannan ta juya fuskarta ga bango.

Wannan "mu tafi" ta fi kukan tayar mini da hankali. Na koma gida na rasa wanda zan sauke wa haushina, sai na kira Fadimatu, ƙawata ta ƙuruciya, 'yar layinmu, da ke aure a Argungu. Na zayyana mata komai, ina yi ina huci.

Ta ce, "Anka zubar? Duka?"

Na ce, "Ko ƙwaya ba ta saura ba. Kuma ta yarda za ta bi su."

Ta ce, "To," ta kashe waya. Kai, ji mini mata! Ina ba ta labarin da ya hana ni cin abinci, ita kuma "to" kawai? Na ƙudurta a raina sai bayan Sallah ta ji daga gare ni.

Washegari jajibere ne. Duk wanda ya san mata ya san ranar jajibere ba mai fita ko nan da can. Ga kitso, ga lalle, ga niƙa, ga ɗinkin da tela bai gama ba. Da hantsi na yi wa Iya wanka, muka fito da ita baranda a kan tabarma, tana zaune shiru ba ta kula kowa. Dayo yana ƙofar gida yana ɗaure katifa a saman mota. Sai na ji keke napep ta tsaya, na ji sallama. Fadimatu ce, lallen hannunta ko bushewa bai yi ba, da mata uku a bayanta.

Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta durƙusa gaban Iya ta gaishe ta. Ta ce a kawo tukunyar. Kemi ta kawo tana sunkuyar da kai. Fadimatu ta zaro gwangwanin madara daga jaka, ta kwance tsumman bakinsa. Baƙin yashi ne a ciki.

Ta ce, "Iya, ba a maida kwano wofi. Langarki mun sha maido miki. Wanga gwangwanin ne ba mu taɓa maidowa ba."

Subhanallahi! Ni da nake katanga ɗaya da ita abin bai zo mini a rai ba. Iya ta miƙa hannun hagu ta ɗebi kaɗan, ta kai hanci, ta lumshe ido. Ta ce, "Citta. Har yau kina cika citta." Fadimatu ta fashe da dariya da kuka lokaci guda, ta juye yashin a tukunya. Na ruga gida na ɗebo nawa.

Kafin in dawo tsakar gidan ya fara cika. Ashe Fadimatu tana kashe wayata ta shiga kiran mutane, su ma suka kira wasu. Ga Ma'u daga Augie, ta sauko daga kabu-kabu tana gyara mayafi. Ga Basirat daga Zauro, da taɓon fadamar shinkafa a takalminta. Ga matar Obumneme mai kantin magani, wadda take gasa nata lokacin Kirsimeti ta raba mana. Wata da gwangwani, wata da leda, wata ta ƙulle nata a bakin zane. Kowacce ta durƙusa, Iya ta shinshina, a juye. Da ta shinshina na Ma'u ta yamutsa fuska ta ce, "Albasa." Aka kwashe da dariya, Ma'u tana rantsuwa ɗaki ɗaya gare su na ajiya, ita da albasar mijinta.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne rabin matan nan ban san su ba, Iya ma ba ta san su ba. Ɗaya ta ce maƙwabciyar Fadimatu ce, ita ta ɗiba mata. Wata ta ce a wajen matar wanta ta samu. Gwangwani guda da aka yi wa dariya a cikin gara, ashe ya yi ta haihuwa a gidajen da Iya ba ta taɓa takawa ba.

Can sai wata matashiya mai goyo ta matso, ba ta faɗi sunanta ba, ta miƙa ƙullinta. Iya ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Ta daɗe idonta a rufe, sannan ta ce, "Kanumfari. Wanga na Abu na."

Matar ta dafe baki. Ta ce, "Innata ta. Ta rasu bara waccan. Ni na gaji tukunyarta."

Abu tana cikin 'yan matan farko da Iya ta koya wa, an kai ta wani ƙauye bayan Argungu tun ina ƙarama, ba ta sake zama garin nan ba. Mata suka hau shassheka. Iya ta jawo kan matar ta ɗora a kafaɗarta mai lafiya.

Yashi ya kai inda yake tsayawa da, ya wuce, tukunya ta cika har baki. Kemi ta ruga ta kawo roba, ita ma aka fara zubawa a ciki, kuma har lokacin ana sallama a ƙofa.

Ban san lokacin da Dayo ya shigo ba. Na dai waiga na gan shi tsaye da igiya a hannu, bakinsa a sake. Sai ya ce, "Iyayena, na gode, Allah shi bar zumunci. Amma yau guda ta. Gobe kowa na gidanshi. Wa ka yi mata wanka, wa ka kai ta asibiti?"

Fadimatu ta miƙe ta kama ƙugu. Ta ce, "Dayo, da hannuna na goye ka, kada ka raina muna hankali. Mu da munka baro gidajenmu ran jajibere, tun daga Argungu, sabadda yashi, mai yashin ce za ta gagare mu?"

Nan take aka hau rabon kwanaki, har da gardama. Basirat ta ce Asabar tata ce. Matar Obumneme ta ce Juma'a a bar mata tunda mu Musulmi muna da hidima ranar, magani kuma kada wanda ya ƙara zancensa. Fadimatu ta ce in an shiga kakar shinkafa mata sun yi wuya, za ta ɗauke ta su yi wata guda a Argungu. Dayo ya jingina da bango.

Ni na hura gawayin. Aka rage yashin daidai gashi, aka ɗora tukunya, aka kwaɓa fulawa da bota da ƙwai. Na kama hannun Kemi na nuna mata yadda ake yanka kwaɓin da bakin gwangwani a danna cokali a kai. Da yashin ya ɗauki zafi muka matso da Iya, ta kara bayan hannunta na hagu a bakin tukunyar, ta ɗan jira, ta gyaɗa kai. Ba tartsatsi, ba ƙarni. Da aka ɗaga marfi ƙamshin ya cika layin, har mai gawayi ya leƙo yana tambaya ko Iya ta warke.

Aka miƙa mata na farko ta gutsura. Sai ta nuna gwangwanin da Kemi ke riƙe da shi. Aka ba ta. Ta tura shi cikin robar yashin da hannu ɗaya, da ƙyar, tana nishi, ta hana kowa taimaka mata har ya cika. Ta yafito Kemi, yarinyar ta durƙusa tana hawaye.

Iya ta ce, "Na amarya. Ban ba ki naki ba." Ta numfasa, ta dubi ɗanta. "Ku tafi da shi Ibadan. Ni ina nan."

Dayo ya dubi uwarsa, ya dubi matan da suka cika gidan ubansa har zaure. Ya goge ido da hannun riga, ya fita, muka jiyo shi yana kwance igiyar katifa daga saman mota.

Washegarin Sallah motar ta kama hanya da mutum biyu, Kemi tana rungume da gwangwanin a cinyarta.