Sababbin Tayoyin Jatau

Shekara ashirin da bakwai Jatau ya yi yana jigilar fasinja tsakanin Talata Mafara da Bakura, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa sayen sabuwar taya ba. 'Yan Kwatano yake saye, waɗanda suka gama yayinsu a wata ƙasa. Sai ya ƙwanƙwasa, ya duba zane, ya yi bisimilla a ɗaura. Bana da shinkafar ranin da ya noma a gefen Bakolori ta yi albarka, sai ya ƙudura zai yi wa motarsa gata, ya sa mata sababbi dal ƙafa huɗu.

Da hantsi ya isa shagon Sufyanu, mai sayar da kayan mota a bayan tasha. Sufyanu bai daɗe da gadar shagon ba daga mahaifinsa, marigayi Alhaji Bello, mutumin da Jatau ya yi shekaru yana hulɗa da shi. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da iyali da zafi, Sufyanu ya shiga sito can ciki ya mirgino tayoyi huɗu, kowace a naɗe cikin ledarta. Jatau ya yage gefen ɗaya ya shafa. Baƙa wuluk, zanenta zuru-zuru, har ɗan gashin nan na sabuwar taya yana nan bai karye ba. Ya ji wani daɗi ya ratsa shi kamar ranar da ya fara riƙe sitiyari.

Daga nan bai zame ko'ina ba sai gindin dogon yaron bakin tasha, inda Filibus mai faci yake aiki. Filibus mutumin Zuru ne, ya fi shekara ashirin a Mafara, kuma kafin ya zo ya yi aiki a wani babban kantin tayoyi a Kaduna. Shi yake yi wa Jatau faci tun motarsa ta farko. Sun saba sosai, kullum cikin tsokanar juna suke.

Jatau ya sauke tayoyin yana murmushi, yana jira a yaba. Filibus ya kware ledar ta farko, ya bi gefenta da yatsa a hankali kamar mai karatu, sannan ya tsaya. Ya goge wurin da gefen rigarsa ya sake dubawa. Ya jawo ta biyu, ya jawo ta uku. Da ya gama da ta huɗu sai ya zauna a kan benci, bai ko taɓa jak ba.

"Malam Jatau," in ji shi, "ba a taɓa hawan tayoyin ga ba, wannan gaskiya ne. Amma tsofaffi ne. Ni ba ni ɗaura maka su."

Jatau ya yi dariya, yana zaton tsokanar da aka saba ce. Da ya ga fuskar Filibus ba wasa, sai dariyar ta ɗauke. Filibus ya kira shi ya durƙusa, ya nuna masa wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, a ƙarshen wani dogon rubutu a gefen tayar: ɗaya, huɗu, ɗaya, shida. Ya ce kowace taya da ranar haihuwarta a jikinta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wannan an yi ta a mako na sha huɗu na shekarar 2016. Ya tambayi Jatau ko ba a shekarar aka haifi autarsa Hanifa ba. Jatau ya ce a ita ce. Filibus ya ce to, yarinyar da yanzu take aji huɗu, sa'ar tayar nan ce.

Kafin nan direbobi biyu-uku sun matso suna sauraro, kuma wannan ne ya fi ɓata wa Jatau rai. Ya miƙe ya ce shi fa ba yau ya fara tuƙi ba. Taya ba gari ba ce da za ta yi tsutsa a sito, ba kuma magani ba ce da za a ce ta lalace. Abin da bai taɓa kwalta ba, me zai cinye shi? Har ya kai ga cewa ko dai Filibus yana da wasu tayoyin da yake son ya tallata masa ne.

Filibus ya kwantar da tayar, ya danna gefenta da gwiwa da duk ƙarfinsa, ya ce Jatau ya duba. A inda robar ta lanƙwashe, wasu ƙananan tsage-tsage suka buɗe, sirara, kamar faso a diddige. Ya ce roba bushewa take yi ko ana aiki da ita ko ba a yi, kamar gugan fata da aka rataye aka manta, balle wadda ta yi bazara tara a ƙarƙashin kwano. A zafin nan na Afrilu, da mota cike da mutane, tana iya saɓulewa ko ta fashe ba sallama. Ya ce in sabuwa mutum zai saya, ya nemi ta bana ko ta bara.

"In kana so, kai ma wani shi ɗaura maka," in ji Filibus. "Ni dai na san mutanen da kake ɗauka."

Jatau ya kwashe tayoyinsa ya tafi. Fushin da ya taso da shi daga gindin dogon yaro, a kan Sufyanu ya yi niyyar sauke shi. Amma da ya dire tayoyin a ƙofar shago ya nuna lambobin, sai ya ga Sufyanu ya yi tsuru, bai ma san akwai su ba. Ya ce mahaifinsa ne ya sayo su kafin ciwo ya kwantar da shi, suka shige bayan wasu kwalaye, sai watan jiya da yake gyaran sito ya gan su, har yana murna ya tsinci kaya. Ya rantse da ya sani da bai fito da su ba. Jatau ya dube shi ya ga ba ƙarya a idonsa.

Can sai Sufyanu ya dafe kai.

"Baba Jatau, ai shida ne. Biyu na sayar ma Fa'izu wancan mako, kuma a gaba ya ce zai sa su."

Jatau ya san Fa'izu, wani direba ɗan Bakura mai mota irin tasa, wanda ke kai mata 'yan kasuwa cin kasuwannin ƙauye. Ba a wurin Filibus yake gyara ba, can Bakura aka ɗaura masa. Ranar kuwa kasuwar Maradun ke ci, can Fa'izu ya kai fasinja. Sufyanu ya kira wayarsa sau huɗu, ba ta shiga. Kowa ya san bayan la'asar zai taso da cikakken lodi, kuma a hanyar akwai dajin da ba mai fatan motarsa ta tsaya a ciki ko da rana tsaka.

Sababbin gaske irin na motar, biyu kacal suka rage a shagon, sauran sai an aiko daga Gusau. Sufyanu ya ce Jatau ne ya fi cancanta da su, tunda shi ya fara zuwa yau. Jatau ya dubi tayoyin, ya dubi tsofaffinsa da suka suɗe, ya ce a jefa su a but, na Fa'izu ne. Shi zai lallaɓa kwana uku.

Abin da ya rage mai nauyi shi ne komawa wurin Filibus. Jatau ya tsaya daga cikin mota ya yi masa bayani a gajarce, ba ya son haɗa ido. Filibus ya duba lambobin sababbin biyun, ya ce na bara ne, lafiya lau. Sannan ya tattara jak da ƙarafunsa da famfon hannu, ya ce wa mai shayin kusa ya duba masa wuri, ya shiga gaba ya zauna, Sufyanu kuwa yana baya.

Ana kiran azahar suka shiga Maradun. Sun tarar da Fa'izu a bakin kasuwa yana ɗaure buhunan gyaɗa da gero a bayan mota, wasu daga fasinjojinsa na zaune a inuwa da kwandunansu. Da Sufyanu ya faɗa masa abin da ya kawo su, Fa'izu ya daki tayar da ƙafa ya ce kalau take, mako guda yana hawa. Wata dattijuwa mai sayar da daddawa, Inna Gimbiya, ta ce su dai kada a ɓata musu lokaci, tana da jikoki a gida.

Filibus ya ce a karya masa sitiyari zuwa dama. Ya kwanta a ƙasa mai zafi ya tura hannu ta cikin tayar hagu, ya daɗe yana lalube, sannan ya kira Fa'izu ya ce ya kawo hannunsa. A gefen ciki, inda ido ba ya kaiwa, robar ta kumbura ta yi tulluƙi kamar ƙwan agwagwa. Fa'izu ya janye hannu a hankali. Ya ce kwana biyu ke nan yana jin sitiyari na rawa in ya taka wuta, ya ɗauka ramukan hanya ne suka kwance wani abu. Ya nemi wuri a kan wani buhu ya zauna, yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Da aka ciro tayar aka jingine ta, matan suka taso ɗaya bayan ɗaya suna kallo. Inna Gimbiya ta taɓa kumburin da yatsa, ta tambaya ko a kan wannan suka zo da safe, su tara. Aka ce mata a kansa. Ta juya ta dubi Filibus, wanda ke ta zufa yana buga iska da famfo, ta tambayi sunansa da garinsu da sunan matarsa. Ta sa masa albarka, ta sa wa iyayensa, ta sa wa Sufyanu da bai ɓoye kuskurensa ba, ta sa wa Jatau da ya bar lodinsa na yini. Sannan ta kwance ƙullin daddawa mafi girma a kwandonta ta ce a kai wa matarsa Helen. Filibus ya ce a bari, ta ce ba da shi take magana ba.

Bayan sun yi la'asar suka kamo hanya, Jatau a gaba yana tafiya a hankali saboda tsofaffin tayoyinsa, Fa'izu na biye. Sufyanu na baya da matattun tayoyin biyu, yana cewa gobe zai sa a tsaga duka shidan da wuƙa, kada wani ya tsinta ya sayar. Warin daddawa ya cika motar.

Jatau ya yi ta juya maganar da ya yaɓa wa Filibus da safe a gaban mutane. Ya tuna da a ce wani mai facin ya kai wa, da yanzu tayoyin na ƙarƙashinsa, gobe da sassafe ya cika mota da ma'aikata da 'yan makaranta. Sun wuce dajin nan sun fara hango gonaki kafin ya iya buɗe baki.

"Filibus, na yi maka magana marar daɗi ɗazu. Ka yafe mani. Allah shi saka maka da alheri."

Filibus ya ce amin, ya ce ai shi bai riƙe ba, duk wanda ya sayo sabon abu aka kushe masa dole ya ji zafi. Ya gyara zaman ƙullin daddawar a cinyarsa, ya leƙa madubin gefe ya ce Fa'izu ya matso da yawa, a ɗan ƙara wuta kaɗan. Jatau ya ƙara.