Na Uku Daga Hagu

"Nuna shi kawai za ki yi, Anti," in ji Sajan. "Yatsa ɗaya, shi ke nan."

Maza shida aka jera a jikin bangon ofishin 'yan sanda, ita mai shagon magani tana tsaye gabansu, ko taku huɗu babu tsakani. Sajan ya yi mata alkawarin ɗaki mai gilashin da za ta gan su, su ba su gan ta ba. Da ta iso sai ya hau sosa ƙeya. Ashe gilashin a takarda yake, shekara biyu yana jiran sa hannun manya.

Sabuwar dabarar 'yan sanda ke nan, masu shaguna su daina rufe baki in an yi fashi. Sajan, bawan Allah, layin kaf ya bi yana roƙo. Mai sayar da waya ya ce ranar ciwon ido yake yi. Tela ya ce ƙarar keke ta hana shi jin harbi. Ita kaɗai ta biyo shi, don mijinta ne aka ɗora wa bindiga a ƙirji da rana tsaka, bai ko kai asibiti ba.

Na uku daga hagu ne, mai tabo a gefen hanci. Tsoro ya kama ta har cikin ƙashi, amma ta ɗaga yatsan. Mutumin ya gyaɗa kai kamar an gaishe shi.

*

Bayan mako uku Sajan ya zo shagon, ya kasa haɗa ido da ita.

"An ba da belinsa. Wallahi na yi iya yina, Anti. Motar sintiri za ta riƙa wucewa, in an samu mai."

Yayarta ta ce ta rufe shagon. In ta rufe, 'ya'yanta mata biyu su ci me?

*

Da hantsi mai tabon ya shigo shagon, fes da shi, har da sallama. Maganin ciwon kai ya nema. Ta miƙa masa.

"Ya 'yan matan?" ya ce. "Na ga ƙaramar ta fara tafiya makaranta ita kaɗai. Yara da saurin girma!"

Yana fita ta kira Sajan. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Anti, lafiya? Kin gan shi ne?"

Ta daɗe tana kallon titi.

"Lafiya lau, Sajan. Hannuna ne ya taɓa wayar."